Ba tsufa ke kumbura daɓen gidan tirela ba

A Amurka, idan daɓen tsohon gidan tirela, wato gidan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota zuwa inda za a kafa shi, ya kumbura ko ya yi laushi, mutane kan ce tsufa ne, su shimfiɗa sabon katako a kai. Yawanci ruwa ne. Da yawa daga gidajen nan, musamman waɗanda aka ƙera kafin dokar ingancin irin waɗannan gidaje ta 1976 ta HUD, wato ma'aikatar gidaje ta Amurka, da allon garin katako manne da gam aka yi musu daɓe, shi kuwa da ya sha ruwa ya ruɓe. A duba gindin masai, bakin ƙofa da ƙarƙashin taga. A toshe yoyon tukuna, sannan a yanke ruɓaɓɓen har kan katakon da ke tallafe da shi, a sa falawud. In ƙofofi ke cijewa kuma, ginshiƙan ƙasa ne suka nutse, sai a ɗaga gidan da jak a daidaita.