Kaka da Jika: Kwaron da ba a gani

Kaka: Kai dan boko, tun dazu nake jin kana tsaki kana dukan wannan allon naka, me ya yi maka ne?

Jika: Kwamfutar ce ta tsaya cak Kaka, akwai kwaro a manhajar.

Kaka: To dauko maganin feshi mana.

Jika: Ba irin wannan kwaron ba, kuskure ne a rubutun da aka yi mata, haka masu sana'ar suke ce masa. Amma fa kin dan taba gaskiya, a 1947 a jami'ar Harvard ta Amurka wata katuwar kwamfuta ta rikice, da aka bincika sai ga dan malam-bude-littafi irin na dare ya makale a ciki, suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu da salatif, har yau littafin yana gidan tarihi.

Kaka: Ka ji masu hankali, sun kama barawo da kaya a hannu. Naka kwaron yana ina?

Jika: Ba a ganinsa.

Kaka: Abin da yake barna ba a ganinsa ai aljani sunansa. Wai tsaya, hotunana da ka dauka suna ciki ko? Kar ya cinye min su.

Jika: Kwantar da hankalinki, suna gajimare.

Kaka: Innalillahi! In hadari ya taso fa?

Jika: Haba Kaka, suna ne kawai. Wasu manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci a kasashe daban daban, sakon ma yawanci ta wayoyin da aka shimfida a karkashin teku yake tsallakawa.

Kaka: Wato kayan suna dakin wani a kasa, hanyar kuma ta karkashin ruwa, amma kuka ce gajimare. Wanda ya rada sunan nan bai taba daga kai sama ba. Kuma ka san mai dakin?

Jika: Toh, na dai danna "na yarda" da sharuddansu.

Kaka: Ka karanta abin da ka yarda da shi?

Jika: Wa yake karantawa? Ke dai kina raina abin nan ne, kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946 daki guda ta cika, nauyinta kusan tan 30, amma wayar nan ta aljihuna ta ninka ta karfin aiki ba adadi, ta ma fi wadda ta kai mutane duniyar wata a 1969 nesa ba kusa ba.

Kaka: Su da karamar sun je wata. Kai da babbar ina ka je?

Jika: Ni... ina dai bincike.

Kaka: Na ga binciken, tun safe kyanwa kake kallo tana fadowa daga kan tebur kana kyakyata dariya kai kadai.

Jika: Bar wannan zancen. Kin san a 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke Kasparov zakaran duniya a wasan dara na Turawa?

Kaka: Da ta ci ta yi murna?

Jika: Ina fa, ba ta ma san ta ci ba.

Kaka: Shi kuma na tabbata ranar bai yi barci ba, Allah sarki bawan Allah. To yanzu wannan gwanar taka yaya za a yi da ita?

Jika: Kashe ta zan yi in sake kunnawa.

Kaka: Shikenan? Duk karatun nan? Ai haka nake yi wa kakanka in ya rikice, in ce ya je ya kwanta ya tashi.

Jika: Yauwa ta kawo! Sai dai tana cewa in tabbatar mata ni ba mutum-mutumi ba ne, wai in zabo hotunan da akwai danja a ciki.

Kaka: Inji ne yake tambayarka ko kai mutum ne?

Jika: Eh... kash, wai ban ci ba, in sake. Sau uku kenan.

Kaka: Dama ni tun kana jariri nake da shakku. Miko nan in zabar maka.