Kuna Zagin Kilitemnestira, Kuna Tsallake Mijinta

Jiya wani bawan Allah ya sake kawo sunan Kilitemnestira, matar sarki Agamemnon a tatsuniyar Girkawa, a matsayin misalin muguwar mace, har da jan kunnen maza. Na yi shiru a wurin, amma abin ya hana ni sakat.

Wai ta kashe mijinta. Sannu da ƙoƙari, malam mai bincike! To shi mijin me ya yi?

A tatsuniyar Girkawa, Agamemnon sarkin Maisini ya tara jiragen ruwa a Aulis zai tafi yaƙin Taroi, iska ta ƙi kaɗawa saboda abar bautarsu Atemis ta yi fushi. Sai ya aika wa matarsa ta kawo 'yarsu Ifijeniya, wai za a aurar da ita ga jarumi Akilis. Uwa ta yi shirin biki, ta kai yarinya da hannunta. Yanka ta aka yi. Don iska ta kaɗa! Don a je a ƙwato Helen, matar ɗan'uwansa Menelawus. Shekara 10 matar nan tana kwana tana tashi da wannan ciwo, sannan gogan ya dawo gida riƙe da Kasandara, 'yar sarkin Taroi, a matsayin ƙwarƙwara. Ko kunya.

Kada wani ya ce min ai ta yi kwartanci da Ejistus. Na ji, ban ce waliyyiya ce ba. Amma wa ya fara zubar da jini a ɗakin nan? Yarinyar da aka yaudara da aure fa? Duk mai ba da labarin ya tsallake Ifijeniya, wallahi rabin labari ya bayar. Raina yana ɓaci duk sanda na tuna uwar da ta shirya 'yarta amarya, ta koma gida ita kaɗai.

Da ɗanta Orestes ya kashe ta, aka kai shi shari'a a birnin Atina, abin bautarsu Apolo ya tsaya masa, wai uwa ajiya kawai aka ba ta, uba ne mai ɗa. Ƙuri'u suka yi kunnen doki, aka sake shi. Adalci ke nan!

Af, gidan ma tun asali ba na arziki ba ne. Atiriyus, uban Agamemnon, ya taɓa yanka 'ya'yan ɗan'uwansa Tayestes, ya dafa, ya ba shi ya ci. Shi kuwa Ejistus ɗan Tayestes ɗin ne.