Mun yanka filayen wasa mun yi shaguna, ina muke so yaran su je?

Jiya bayan la'asar na tsaya a ƙofar gida ina kallon yaran layinmu suna buga ƙwallo a tsakiyar titi. Silifas biyu nan, biyu can, su ne raga. Ba a minti biyu sai wani ya ɗaga hannu ya ce a tsaya ga adaidaita, su dare gefe, ya wuce yana yi musu faɗa, su dawo. Da ƙwallon ta faɗa kwata, ƙaramin cikinsu ya zura hannu ya ɗauko, ya goge a rigarsa, aka ci gaba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin a bayan gidajen nan akwai filin da muka taso muna wasa a cikinsa. Yau shaguna ne a jere.

Duk majalisar da ka zauna a Kano zancen ɗaya ne: yara sun lalace, ga faɗan daba, ga ƙwacen waya, ga shaye-shaye. Kuma ba ƙarya ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar da haɗin gwiwar gwamnatin Najeriya, a rahotonsa na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan. Amma da wuya ka ji wani ya tambaya: yaro ɗan shekara goma sha biyu, daga tashi Islamiyya zuwa magariba, ina yake, kuma da wa yake? Yaro dole ya nemi ƙungiya. In bai samu ta ƙwallo ba, akwai wadda ke jiransa a kango.

Ɗana na biyu shekararsa 11. Yaro ne mai kunya, ko baƙo aka yi sai ya shige ɗaki. In ya samu wayar mahaifiyarsa kuwa, sai ka kira sunansa sau uku bai ji ba. Bara wani tela a unguwarmu, da ke tara yara yana koya musu ƙwallo ba tare da kowa ya biya shi ko sisi ba, ya ce in bar masa shi. Dokokinsa biyu ne: wanda bai je makaranta ba ba zai taka leda ba, kuma ana kiran salla an tashi. Ranar da aka fara saka shi a wasa an ci su uku da nema, kuma ƙwallo ɗaya ta hannunsa ta zo. Ya dawo gida da kuka, ko tuwo ya ƙi ci. Na ɗauka shi ke nan. Da gari ya waye sai ga abokansa uku suna sallama a zaure, sun zo tafiya da shi atisaye. Ban taɓa ganin wani ya zo neman yaron nan ba sai ranar. Yanzu da kansa yake wanke rigar wasansa, yana cin abinci, ƙarfe tara na dare ya yi barci, kuma ya iya buɗe baki ya ce wa babba "ba haka aka yi ba" cikin ladabi. Na yi shekaru ina yi masa nasiha ban samu wannan ba.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin ƙwallo ta zo. Ku tuna langa: ka riƙe ƙafa ɗaya kana tsalle, amma duk ƙarfinka ba kai ne abin dubawa ba, aikinku shi ne ku kare "ruwa" har ya kai gida. Ku tuna gaɗa a dandali, yarinya ta saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama. Wace makaranta ce za ta koya wa yarinya yarda da 'yan'uwanta kamar wannan? Tashe ma, da ake farawa goma ga azumi, yara ne ke tsara kansu, su raba aiki, su raba abin da aka samu, wanda ya yi cuta a ware shi. Duk mun bari sun tafi, ba mu kawo komai a madadinsu ba.

'Yan mata su suka fi cutuwa, kuma wannan ya fi damuna. Namiji ko a titi zai buga. Mace daga makaranta sai wanke-wanke sai waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma rahotonta na 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu tasowa a duniya ba sa samun hakan. Babu abin da ya hana makarantun mata su ware fili a cikin katanga, da malama mace, da sutura ta mutunci, a yi ƙwallon hannu ko guje-guje. Addini bai hana ba, sakacinmu ne.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: ƙwallo na hana karatu, tana hana salla. Na ga inda hakan ya faru, amma duk inda na gani babu babba a wurin. Na kuma san masu tura yaro fili don yana iya zama Ahmed Musa. Ahmed Musa ya buga wa Kano Pillars, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland biyu a 2018, Allah Ya ƙara masa ɗaukaka. Amma cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a garin nan, 'yan ƙalilan ne ko filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata za su taɓa bugawa a ciki. Ba don haka nake son ɗana a fili ba. Ina son ya saba da a ci shi ya haƙura, ya jira layinsa, ya miƙa wa wanda ya fi shi kusa da raga ko da shi ma yana son ci. In yaro ba mai son ƙwallo ba ne, akwai 'yan agaji, akwai sikawut, akwai musabaƙa da muhawara. Abin nema dai ya kasance cikin sa'o'insa, ƙarƙashin idon babba mai amana.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an buɗe makarantar kuɗi a gida mai ɗaki shida, ko wurin tsayuwar asambuli babu, iyaye kuma muna biya ba mu tambaya. Haka in na ga an tsaga katangar firamare an jera shaguna, masu unguwa da dattawa an yi shiru.

Mu a layinmu mun yanke shawara, ranar Asabar mu biyar za mu je wurin hedimastan firamaren da ke kusa da mu, mu roƙi a riƙa buɗe wa yara filin daga la'asar zuwa magariba. Mun amince kullum uba ɗaya zai zauna a wurin har a tashi, kuma za mu yi karo-karo mu saya wa telan nan ƙwallo biyu da usur. Ni na ɗauki ranar Talata.