Ceto Ba Adashe Ba Ne

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama gare ku daga Gombe.

Akwai wani lissafi da yawancinmu muke yi a zuci, ko da baki bai furta ba. Ina fitar da zakka, ba na fashin sujadar Lahadi, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ko kuwa na shekara da shekaru a zumuntar mata. A hankali sai mu mai da abin kamar adashe tsakaninmu da Allah, muna zubi kowane mako, ranar ƙarshe mu kwashi rai madawwami. Wannan tunani yana ba ni tsoro ƙwarai, domin yana kama da ibada, alhali kuwa raina jinin Yesu ne.

A Afisawa sura 2 Bulus bai ce da mu marasa lafiya ne ba, cewa ya yi matattu ne mu cikin zunubanmu. Gawa kuwa ba ta zubi. Allah ne ya rayar da mu, ceton nan kyautarsa ce ta alheri, don kada kowa ya yi fahariya.

Ku buɗe Littafin Firistoci sura 16 ku ga Ranar Kafara. Sau ɗaya a shekara ake kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, babban firist ya shiga Wuri Mafi Tsarki da jininsa, shi kaɗai. Ɗayan kuma ya ɗora masa hannu a ka, ya hurta laifofin jama'a duka, a kai shi jeji a sake shi. Jama'a suna waje, ba wanda ya shiga. Ba su suka ƙirƙiro hanyar ba, Allah ne ya tsara ta, amma duk shekara sai an maimaita. Da Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya tak a kan gicciye, sai ya ce, "An gama." Bai bar mana ragowar bashi mu ƙarasa da baiko ba.

Yadda bishara ta iso mu ma shaida ce. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara arewacin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyun farko sun rasu, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. A idon mutum aikin ya mutu. Amma a 1917 ma'aikatan SIM, ƙungiyar mishan da ta tsiro daga aikinsu, suna Kaltungo, yau ga majami'un ECWA, ikkilisiyar da SIM ta haifa, daga Billiri har cikin garin Gombe. Dabarar wa ke nan?

Kada wani ya ce to sai ya naɗe hannu. Wannan surar ta Afisawa ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Muna yi ne don an cece mu, cikin godiya.

Ɗan'uwana da kunyar abin da ka aikata ta hana ka zuwa sujada, Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan (Yahaya 6:37). Mama, ke da ɗanki ya faɗa shaye-shaye, kin yi faɗa kin yi kuka har kin gaji, kada ki daina durƙusawa. Wanda ya tare Shawulu a hanyar Dimashƙu, yana ɗauke da takardun kama masu bi, ya san inda yaron nan yake kwana. Ki ambaci sunansa a gaban Ubangiji yau da dare, gobe ma haka.