Samarinmu masu gyaran kwamfuta, dan Allah ku rage saurin danna fomat

Salamu alaikum 'yan uwana samari, musamman ku da kuka koyi gyaran laftof tsakanin Nima da Mamobi da Circle a Accra, yau da ku nake, kuma wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri.

Satin da ya wuce wani ƙanina ya shigo shago gumi sharkaf da diskin wata Hajiya mai saida atamfa, irin na waje da ake jonawa da waya, lissafin bashinta na shekaru da hotunan bikin 'yarta duk suna ciki. Ɗanta ne ya kulle mata shi da BitLocker, wato manhajar Windows mai kulle diski da paswod, ta gaji da sa paswod kullum ta ce a cire. Yaro ya danna cirewa, aiki ya wuce rabi sai dumsor, wato ɗauke wuta, ya yi halinsa, batirin laftof ɗin kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo Windows ta ce diski na buƙatar fomat, wato a shafe shi a mayar da shi fanko, shi kuma gogan naku har ya kai hannu zai danna, Allah ne ya sa ya ce bari ya tambayi Yaya tukun.

Toh ku saurara. Cire kulle ba kamar buɗe kwaɗo ba ne da za a murɗa sau ɗaya shikenan, kwamfuta bin diskin take yi yanki yanki tana karanta abin da aka hargitsa da AES, wato tsarin ɓoye bayanan da BitLocker ke amfani da shi, tana mayar da shi daidai tana sake rubutawa a wurinsa, shi ya sa yake cin awowi. In ya tsaya a hanya to wani ɓangare a buɗe yake wani a kulle, kuma abin da ya san iyakar inda aka tsaya ɗan bayani ne da ke ajiye cikin diskin kansa tare da makullin. BitLocker kwafi 3 yake ajiyewa na bayanin nan, kuma in diski lafiyayye ne yawanci da ka sake jonawa ka sa paswod zai ci gaba daga inda ya tsaya, ka buga manage-bde -status ka ga kashi nawa ya rage. Matsalar ita ce yawancin diskin da ke hannunmu na hannu ne, sun sha wuya tun a Turai kafin su iso tashar jirgin ruwa ta Tema, ɗaukewar wuta ɗaya sai su fara tari.

A nan ne kuke ɓata wa mutane rayuwa wallahi. Wannan ya yi fomat, wancan ya saki chkdsk mai duba diski ya gyara a Windows, wani ya sauko da sofwaya biyar na fasa-ƙwauri ya zuba su gyara, duk kuwa rubutu suke yi a kan diskin, in suka taka wancan bayanin to ɓangaren da ke kulle ya tafi kenan, ko PhotoRec mai tono fayil ɗin da suka ɓace ba zai tsinto maka komai a ciki ba sai a ɓangaren da aka riga aka buɗe. Kuma masu gudu wajen repair-bde, wato manhajar Microsoft ta ceto diskin BitLocker da ya lalace, su kansu Microsoft sun rubuta cewa ba ya gyara diskin da ya lalace ana tsakiyar kullewa ko buɗewa, don shi ɗauka yake duka a kulle yake, ga shi kuma yana shafe diskin da ka nuna masa ya juye a ciki kaf.

Abin da za ka fara yi guda ɗaya ne, ka nemo wani diskin da ya kai shi girma ko ya fi, ka kwafe na mai kaya gaba ɗaya da ddrescue, manhajar kwafe diski mai matsala, ka sa na asalin a durowa. Duk gwajin da za ka yi a kan kwafin. Eh na san diski da tsada, sidi ba ta faɗowa daga sama, amma ka faɗa wa mai kaya gaskiya ya zaɓa, kar ka yi caca da amanarsa don kar a ce ba ka iya ba.

Masu Linux ma kar ku yi mana dariya, LUKS, wato kullen diski na Linux, duk makullansa a kan goshin fatishan suke, wato farkon ɓangaren diskin da aka kulle, kafin ka taɓa cire kullen ka kwafe goshin da luksHeaderBackup ka kai filash, in kuma tsohon cryptsetup-reencrypt mai sauya kulle ko cire shi ne ya katse kar ka goge 'yan fayil ɗin da ya bari masu farawa da LUKS, da su yake ci gaba.

Sai makullin ceto na BitLocker, wanda ke buɗe diski ko babu paswod, lambobi 48 ne, rukuni 8 kowanne 6. Ku tambaya tun kafin ku karɓi aiki, sau da yawa yana cikin akawun ɗin Microsoft na wanda ya saita. Na Hajiya sai da aka kira ɗanta a Kumasi, ya kwana biyu yana tuna wane imel ya yi amfani da shi. Mun buɗe kwafin da dislocker, manhajar da ke karanta diskin BitLocker a Linux, lissafin bashi ya fito duka, hotunan biki kam wasu sun faɗa inda diskin ya ci, har yanzu ƙanin nawa bai iya haɗa ido da ita ba in ta wuce ta ƙofar shago.