Gari ya cika ya batse, aji na nan yadda yake

Wallahi abin da ke faruwa a ƙananan garuruwan nan na gefen Zariya ya isa haka. Bi hanyar Shika ko ta Basawa ka gani, gonakin da ake noma masara jiya jiya duk an yanka su filoti, gidaje sai tashi suke, ga 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari sun zo da iyalansu, to ina za su je? Dole a karɓe su.

Amma firamaren garinmu ajujuwan da muka yi karatu a ciki su ne dai har yau, ko bulo ɗaya ba a ƙara ba. Leƙa aji uku ka sha mamaki, yara sun fi ɗari, wasu a kan taga wasu a ƙasa kan buhun siminti da suka ɗauko daga gida, malama ɗaya tal, kafin a fita tara muryarta ta dushe. Idan damina ta zo kuwa hadari na haɗuwa sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya gudu gida, don kwanon yoyo yake kamar rariya. A 2017 an sallami malamai sama da 21,000 a jihar nan aka ce gyara ake, to mu dai yaron aji biyar har yanzu ba ya iya haɗa baƙi. Kuma da wane lissafi ma ake tsara mana makarantu? Rabon da a ƙirga mutane a ƙasar nan tun 2006, jariran lokacin yanzu wasu har sun yi aure.

Sai a ce maka kai ɗanka makarantar kuɗi. Da wane kuɗin? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke kaɗai ya isa ya karya magidanci, ga haya ta tashi, su kuma kowane zango sai sun ƙara wani abu, yau kuɗin yunifom gobe na fati, alhali makarantar ma shago biyu ne aka fasa bango aka haɗe.

Wanda ya daure ya gama fa? Masu NCE da digiri ga su nan a bakin titi, acaba da POS da cajin waya. Haba jama'a, ABU na Samaru tun 1962, ana mana kirari da birnin ilimi, amma yaran da ke kwana a maƙwabtanta ko bencin zama ba su da shi!