Alhaji Ba Ya Kewar Gida

Bazazzagi: Alhaji, agogo biyu a hannu ɗaya? Ko an fara sayar da lokaci ne a Kantin Kwari?

Bakano: Samfur ne. Gwada su nake yi.

Bazazzagi: To wannan ya ce uku na dare, wancan ya ce takwas. Ɗaya ya lalace, ka mayar musu da abinsu.

Bakano: Lafiyarsa ƙalau. Lokacin Kano ne, awa bakwai ce tsakaninmu. Ɗan kasuwa dole ya san lokacin da kasuwa take tashi.

Bazazzagi: Kwari ta tashi tun kafin magariba. Takwas na dare ai lokacin kwashe tuwo ne a gidanka.

Bakano: Kai ka san wannan. Ni na ma manta ana tuwo a duniya.

Ya faɗa yana haɗiyar yawu, har maƙogwaronsa ya yi ƙara. Mako uku Alhaji ya ce wa iyalinsa zai yi a Gwanzu, birnin kasuwanci na ƙasar Sin. Ga shi an shiga wata na biyu, yana kwance a wani ɗakin otal a unguwar Shawbe, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, yana jiran masana'anta ta gama buga masa atamfa. Atamfar da a da Kano da Kaduna suke saƙawa, amma bari mu bar wannan zancen, kada hawan jinin wani ya tashi.

Bazazzagi: Ka dai faɗi gaskiya, bawana. Kewar gida kake yi. Ba abin kunya ba ne.

Bakano: Wa? Ni? Ni da nake zuwa baje kolin Kanton Afrilu da Oktoba? Ma'aikatan filin jirgin Adis Ababa har gaishe ni suke yi. Kewar gida ta 'yan makarantar kwana ce, da Zagezagi. Ku da in kun je Kaduna sai kun yi sallama da dangi ana koke-koke.

Bazazzagi: To mece ce wannan ledar a ƙarƙashin matashinka?

Bakano: Leda ce.

Bazazzagi: Ta daddawa ce, kuma babu komai a ciki. Jiya na gan ka ka cusa hanci a ciki, ka lumshe ido, kana cewa "Allah sarki."

Bakano: Binciken kasuwa nake yi. So nake na gano ko Sinawa za su iya kwaikwayon ƙamshin.

Bazazzagi: Rufa mana asiri, kada su ji. Ita kaɗai ta rage mana.

Kilishi da kuka da yajin da Hajiya ta ɗaure masa tun mako na biyu suka ƙare, don Alhaji har a shayi yake barbaɗa yaji. Tun daga nan abincinsa taliyar Musulmin Sin, masu fararen huluna, wadda ake ja da hannu a gabanka a tsoma a romon naman sa. Taliya dai babu laifi. Tsinken da Sinawa suke cin abinci da shi ne matsalar. Rannan ya yi kokawa da tsinkaye biyun nan har romo ya huce, daga ƙarshe ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla, yana gaya wa mai shagon da Hausa cewa ai sunna ce.

Bakano: Kuma iskar garin nan ba ta yi mini ba. Danshi kawai. Yanzu a Kano hunturu ne, ƙura ta rufe Dala, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. Wannan ita ce lafiya.

Bazazzagi: Yau kuma ƙura kake yabo?

Bakano: Ba yabo nake ba, bayani nake. Sannan wutarsu. Tun da na zo ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mutum ya kwanta shiru, babu janareton maƙwabci, babu yara masu ihu an kawo wuta. Ta yaya barci zai zo? Wannan ai rashin tsari ne.

Bazazzagi: Kira gida dai ka huta. Matanka yana jira.

Bakano: Matata tana jira! Shekara nawa kuna da jami'a a gari amma kun kasa raba mace da namiji. Kuma ba don kewa zan kira ba. Lissafi zan tambaya.

Sai aka shiga yaƙin waya. A Sin WhatsApp ba ya buɗewa sai da VPN, manhajar kauce wa toshewar intanet, Hajiya kuwa ta rantse ba za ta sa WeChat, manhajar hirar Sinawa, a wayarta ba, wai kada Sinawa su ji sirrin gidanta. Alhaji ya kunna, ya kashe, ya ɗaga wayar sama, ya hau kujera, ya leƙa taga. Can dai fuskar Hajiya ta bayyana, rabi a daskare.

Uwargida: Alhaji, ina wuni? Kai, ka rame! Ba sa ba ka abinci ne?

Bakano: Ramar me? Ƙiba na yi, wayar ce take matse mutum. Ya gida? Ya yara? Ya ragon nan mai baƙin kunne? Yana cin dusa? Ya tambaye... yana dai lafiya?

Uwargida: Rago lafiya lau. Kuɗin makarantar yara ne dai, sun aiko takarda. Gas ya ƙare. Yayarka ta ce kada ka manta da bulenda, Kawu ya ce waya mai ido uku, mai gadi ya ce ko tocila ce.

Bakano: Babu wanda ya ce a gaishe ni?

Uwargida: Duk sun ce. Bayan sun faɗi saƙon.

Nan fa Amarya ta ɗaga labule.

Amarya: Yaya, ba ni wayar. Ai girkina ne.

Uwargida: Girkinki a ina? Yau Litinin.

Amarya: A nan ne Litinin. Inda maigidan yake Talata ta shiga tun ɗazu. Ranka ya daɗe, yau wace rana ce a wurinku?

Bakano: E to... Talata ce, amma ba ta yi ƙwari ba.

Uwargida: Au, haka ne? Tukunyar a Sin aka ɗora ta ko a Kano?

Amarya: Girki miji yake bi, ba tukunya ba.

Uwargida: To ki bi shi can ki girka masa da tsinke.

Bakano: Ku saurara! A kai wa malam maganar gobe.

Amarya: Goben wa? Taku ko tamu?

Bazazzagi ya faɗo daga gado don dariya. Ni dai a ganina Amarya ta fi hujja, amma ba a tambaye ni ba, kuma wanda ya shiga tsakanin kishiyoyi shi ake haɗuwa a daka.

Uwargida: Auta, zo ga Abbanki.

Auta: Wannan ne zai kawo mini keke?

Bakano: Ni ne, uwata. Kin gane ni?

Auta: Abbana ya fi ka tumbi.

Layin ya yanke a nan. Alhaji ya zauna da waya a hannu, ido ya kawo ruwa, ya juya wa bango fuska yana jan hanci.

Bazazzagi: Alhaji, kuka kake yi?

Bakano: Yaji ne ya shiga idona.

Bazazzagi: Yajin da ya ƙare tun Disamba?

Bakano: Yajin Hajiya ne. Yana da naci.

Da gari ya waye tafinta ya bugo. Ma'aikata sun fara tafiya ƙauyukansu bikin sabuwar shekarar Sinawa, masana'anta za ta rufe, kaya sai bayan hutu, wataƙila mako uku, wataƙila huɗu. Ya kuma tuna wa Alhaji cewa bizar da aka ƙara masa ta kusa cika, kuma duk ranar da mutum ya zarce tarar yuwan 500 ce, kuɗin Sin.

Bakano: Ka ji ko? Su ma gida za su tafi. Ƙasa guda ta rufe shago don kowa ya je ya ga tsohuwarsa. Raunin zuciya ke nan. Shi ya sa nake gaya maka ba su iya kasuwanci ba.

Bazazzagi: Su ne ba su iya kasuwanci ba? Kai da ka zo sayen atamfa a wurinsu?

Bakano: Bar wannan. Ina tunanin na ɗan leƙa Kano. Ba don kowa ba, kwantenar da na tura tun bara har yanzu tana tashar ruwa a Legas, kullum da sabuwar takardar da ake nema, kullum da sabon mai sa hannu. Dole na je na gani da idona.

Bazazzagi: Kwantena tana Legas, kai za ka Kano.

Bakano: Daga Kano an fi hango ta. Tambayar mini ejan, nawa ne a matso da tikitin zuwa jibi?

Bazazzagi ya rubuta, ejan ya amso. Bai ce komai ba, ya danna kuɗin a kalkuleta ya miƙa, yadda ake ciniki da Sinawa a kasuwa. Alhaji ya karɓa, ya mayar da dala naira. Tun da dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, duk Bakanon da ya taɓa kalkuleta sai ya yi salati. Ya sake bugawa ko ya ƙara sifiri ne bisa kuskure. Bai ƙara ba.

Bakano: Kujerar ce za su sayar mini ko jirgin?

Bazazzagi: In ce masa ya yanka?

Bakano: Ya yanka wa? Ai gidan ba guduwa zai yi ba. Rago yana cin dusa, Auta ta san mai keke, matan nan kuwa gara malam ya gama yanke hukunci tukuna. A nemo mini yadda za a ƙara bizar nan.

Ana cikin haka saƙo ya shigo wayar Bazazzagi: Inna ce daga Tudun Wada, tana son jin muryarsa. Ya danna, ya danna, VPN ɗinsa ya ƙi tashi. Leɓensa ya fara rawa.

Bazazzagi: Alhaji, don Allah ara mini wayarka. Minti biyu kawai, tsohuwa ne.

Bakano: Tsohuwa ce. Minti ɗaya yuwan biyar, kuma in za ka yi kuka ka matsa daga kan matashina.